Jan Zaren Shimfiɗa ta Bakwai

Da ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Lahadi, sabon gangaren da ake ginawa don babbar hanyar Urdalen ya buɗe cikinsa ya zubo. Masu tatsar shanu a ƙetaren kogi sun ce ba ƙara suka fara ji ba, wani irin nishi ne, kamar na ƙaton da aka daɗe ana dannewa har ya gaji. Sai tsakuwa da laka da baƙin yadi suka gangaro kan tsohuwar hanya, suka tarar da tankar madara tana wucewa.

Oddny ce ke tuƙa ta. Shekara goma sha tara tana zagaya gonakin kwarin nan tana kwasar madara, babu karen da bai san ƙarar motarta ba. Aka yi awa guda ana yanka ƙarfe kafin a zaro ta da sauran numfashi. Jirgi mai saukar ungulu ya tashi da ita zuwa asibitin birni, ya bar mu tsaye muna kallon madara tana malala, fara fat, cikin baƙar laka.

Dukanmu mun ga yadda aka tayar da gangaren tun ƙarshen sanyi. Dutse bai bar wa hanya wuri ba, sai aka gina mata ƙasa a miƙe kusan kamar bango. A shimfiɗa baƙin yadi mai kauri, saƙar roba, a zuba masa tsakuwa, a danne, a naɗo bakinsa ya rungume ta, a lulluɓe fuskar da ƙasa da irin ciyawa, sannan a ɗora wata shimfiɗar a sama. Haka har goma sha huɗu. An ce mana jikokinmu za su tsufa su bar shi tsaye.

Halvard, ɗan sanda ɗaya tilo da muke da shi, ya jawo wani yanki na yadin daga cikin laka, ya ɗaga shi. Bakinsa a miƙe yake sumul.

"Wannan yagewa ce?" ya tambayi Vidar, shugaban aikin.

Vidar ya duba. Fuskarsa ta yi fari kamar madarar da ke ƙasa. "Yadin nan ba ya yagewa haka. Wuƙa ce."

Ba wanda ya fara faɗin sunan, amma kowa ya juya ya dubi gona ɗaya, can saman tudu. Arnfinn ne mai ita, tsoho mai tumaki ɗari da ashirin, wanda sabuwar hanya ta raba garkensa da mashaya. A taron gari na bazara ya miƙe gaban kowa ya ce, "Ranar da raina ya ɓaci, da wuƙar yankan cukuna zan farke musu wannan zanin gadon." Ranar an yi dariya. Yau ba wanda ya yi.

"A kira Torunn," in ji Halvard.

* * *

Torunn ce mai bin sawun kwarinmu. Idan mota ta buge barewa ta gudu da rauni cikin daji, ita ake kira da karenta Rusk, su bi ta har inda ta kwanta, a ƙarasa ta. Shekarunta talatin da biyu, ba ta da yawan magana, kuma sai bana ne muka fara jin dariyarta daga nesa. Kowa ya san dalili. Vidar ya zo daga birni da injinansa, ya kama ɗaki a masauƙi, amma tun watan Afrilu rigar ruwansa a ƙofar Torunn take rataye.

Ta wuce shi a bakin shingen 'yan sanda, ta taɓa hannunsa. Sanyi ƙalau.

"Ba laifinka ba ne," ta ce a hankali.



Ta hau saman gangaren ta gefen da bai faɗi ba. Mako guda aka yi ana ruwa, sai ranar Asabar da rana ya ɗauke, don haka laka ta riƙe komai kamar takarda. Ga sawu nan, takalmin roba mai dogon wuya, da faci mai siffar jinjirin wata a dugadugin hagu. Ya zo daga wajen tudu, ya tsaya gindin wani turken ƙarfe inda igiya ta goge fenti, ya ɓace a bakin gangare, sannan ya dawo.

"Da igiya ya sauka," ta ce wa Halvard. "Har tsakiyar bangon."

"Me ya sa tsakiya?"

"Ka tambaye shi idan ka same shi."

Ta nuna wa Rusk sawun. Ya sa hanci, ya ja numfashi. Idan yana bin baƙo gashin wuyansa kan miƙe. Yau sai ya ɗago kai ya dube ta, yana kaɗa wutsiya, har da ɗan tsalle.

"Yi aiki, sakarai," ta ce. "Ba wasa muka zo ba."

Sawun ya ratsa cikin itatuwa, ya tsallake shingen tumaki, ya miƙe har ƙofar garken Arnfinn, wadda ba a taɓa sa mata kwaɗo ba. A ciki ga takalman nan, jere da juna, dugaduginsu jikin bango, an karkaɗe musu laka. Halvard ya juya na hagu. Jinjirin wata.

"To, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba," in ji Torunn. "Arnfinn na ɗingishi da ƙafar dama tun da tarakta ta faɗo masa. Wannan sawun daidai yake taka ƙafa biyu. Kuma dubi yadda dugadugi ke jan laka. Takalmin ya yi wa mai shi yawa."

"Torunn, takalminsa ne, garkensa ne, bakinsa ne ya faɗa gaban mutum tamanin. Fushi na warkar da ɗingishi." Ya share gumi. "Gobe da tsakar rana mota za ta zo daga birni ta tafi da shi. Idan Oddny ta cika, ba zai sake ganin tumakin nan ba. Ƙarfe goma kuma katafila za ta fara kwashe ƙasar, gonaki uku ba su da hanya."

"Wa ya ce a kwashe da wuri haka?"

"Vidar. Kuma yana da gaskiya, shanu ba za su daina kawo madara don mu ba."

* * *

An ajiye Arnfinn a ɗan ɗakin bayan ofishin Halvard, inda ake tara kekunan da aka tsinta. Yana zaune da kofi a hannu, gemu a hargitse.

"A'a, ga uwar kare," ya ce da Torunn ta shigo. "Kin zo ki shinshina ni?"

"Daga nan ma ina jin warinka. Ina kake jiya da yamma?"

"Kan dutse, ina kai wa tumaki gishiri."

"Wa ya gan ka?"

"Tumaki ɗari da ashirin. Je ki ɗauki bayaninsu, sun fi Halvard hankali."

"Arnfinn, ka bar wasa. Oddny na kwance rai a hannun Allah."

Ya dubi kofin da ke hannunsa. Ya ajiye shi. "Ni na koya wa yarinyar nan tuƙa tarakta, tana da shekara sha biyu. Ubanta ya mutu, ba mai koya mata. Kina ganin zan..." Ya juya ya dubi bango, sannan ya ci gaba. "Na faɗi maganar banza a taro, na yarda. Baki shi ke yanka wuya. Amma ni da ko tsanin garke ba na iya hawa, a ce na rataya a igiya kamar gizo-gizo?"

"Idan ka cire takalman garke, yaya kake ajiye su?"

"Ajiye su? Ina wurga ƙafa ne, inda suka faɗi nan ne gidansu. Matata ta yi shekara arba'in tana yaƙi da ni a kan wannan, ta mutu ba ta ci nasara ba."

"Wa ya san ba ka kulle garke?"

"Wa ke kulle garke a Urdalen?" Ya harare ta. "Kuma ki ja wa karen nan naki kunne. Har yau idan ya gan ni sai ya nuna mini haƙora, don na harba bindiga sama ranar da ya kori tumakina. Shekara uku! Riƙo kamar surukar mutum."

Torunn ta yi murmushi, ta fita. Tana kan matakala murmushin ya mutu. Rusk ya tsani Arnfinn. To wa ya kaɗa wa wutsiya?

Ta ce wa kanta, kare ne, wataƙila ya ji warin zomo.

* * *

Ta tarar da Vidar a kicin ɗinta, abinci ya huce a gabansa. Rusk ya wuce ta da gudu ya kwanta kan ƙafafunsa.

"An ji labarin Oddny?" ya tambaya.

"Suna mata aiki na biyu."

Ya rufe fuska da hannuwa. Ta tsaya bayansa, ta ɗora haɓa a kansa. Gashinsa na warin man inji da sabulunta, kuma a duniya babu warin da ta fi so.

"Ba Arnfinn ba ne," ta ce. "Wani ya ari takalmansa."

Kafaɗunsa suka ƙage. Can ya ce, "Ba na son in ɓata wa kowa suna."

"Faɗi."

"Leszek. Babban ma'aikacina, ɗan Poland. Ranar Juma'a mun yi faɗa, har ya jefar da hularsa. Kuma wuƙar yankan yadi ɗaya ta ɓace daga akwatin kayan aiki." Ya kama hannunta. "Amma ki bar wa Halvard, Torunn. Kin gaji. Ki zauna tare da ni."

Ta so ta zauna. Allah ya sani ta so. Ta zare hannunta, ta ɗauki makullin mota.

* * *

Ma'aikatan na kwana a wasu dogayen ɗakunan ƙarfe bakin kogi. Rana na nan sama duk da yamma ta yi nisa, kamar yadda takan yi a ƙasarmu a watan Yuni. Tun kafin Torunn ta iso wani ya riga ya rubuta zagi da fenti a jikin motarsu, domin rabin gari ya ce Arnfinn ne, rabi ya ce baƙi ne.

Leszek na zaune a ƙofa yana feraye dankali. Ta dubi ƙafafunsa kafin ta dubi fuskarsa. Kowace ɗaya kamar kwale-kwale.

"Lamba nawa kake sawa?"

"Arba'in da takwas. Uwata ta ce da ƙafa na fara fitowa, shi ya sa ba ta sake haihuwa ba."

Takalmin Arnfinn arba'in da huɗu ne. Ko da man shanu aka shafa, ƙafar nan ba ta shiga.

"Me ya haɗa ka da Vidar ranar Juma'a?"

Ya ci gaba da firar dankali. "Tsakanina da shugaba ne. Ke kuma matarsa ce, ko kusan haka. Ina da 'ya'ya uku, ina son aikina."

"To bar wannan. Koya mini wani abu. Idan mutum ya yanka fuskar yadin, bango zai faɗi?"

"Mai kyau? A'a!" Ya ajiye wuƙa, ransa ya motsa. "Zai zubar da 'yar tsakuwa, shi ke nan. Ƙarfin ba a fuska yake ba, yana can ciki. Zo ki gani."

Ya ja ta bayan ɗakunan inda aka jibge naɗin yadi kamar gungumen itace. Ya yanko ƙyalle, ya miƙa mata. "Ja ta nan." Ta ja, ko motsi bai yi ba. "Yanzu juya, ja ta gefe." Ta ja, ya ɗan saki kamar tsohuwar riga.

"Kin gani? Ƙarfinsa hanya ɗaya yake bi, ta tsawon naɗin. Shi ya sa masu saƙa shi suke sa wannan." Ya nuna wani jan zare siriri da ya bi tsawon yadin. "Dole jan zaren ya nuna cikin dutse, kamar yatsa. Sai ka yanka yadi gunduwa-gunduwa, mita biyar-biyar, ka jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jan zarensa yana kallon dutse. Aiki ne mai cin rai. Kwana biyu kowace shimfiɗa."

"Idan mutum na sauri fa?"

Ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Shaiɗan ya sa faɗin naɗin ma mita biyar ne. Sai ka tura shi ya mirgina tare da hanya, shuuu, minti goma ka gama. Ka zuba tsakuwa, ka rufe fuska, ba mai gani. Wanda ya fara aiki jiya ma ya san haramun ne. Amma kowa ya taɓa tsayawa ya kalli naɗin nan ya yi tunanin."

"Duk shimfiɗun kai ka yi?"

"Goma sha uku. A watan Mayu mun tafi gida mako guda, bikin coci na 'yata. Da muka dawo shugaba ya gama ta bakwai, shi da direbobin tifa biyu da ba su san kan yadi ba. Har ya rufe ta da ƙasa. Muka yi masa tafi."

"Wace rana ce?"

"Jajiberin bikin ƙasarku. Sha shida ga wata."

Torunn ta ajiye ƙyallen.

Sha shida ga Mayu. Ta yi wata guda tana roƙon Vidar ya bi ta kan dutse ya ga inda barewa ke haihuwa, yana cewa aiki ya yi yawa. Ranar ta ce masa idan bai zo ba ta daina tambaya. Ƙarfe huɗu sai ga shi a ƙofarta, laka har gwiwa, yana dariya kamar yaro. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Aikin kwana biyu na gama a yini ɗaya, duk saboda ke." A kan dutsen nan ne ya fara ce mata ba zai koma birni ba.

* * *

Da sassafe ranar Litinin ta tsallake shingen 'yan sanda da shebur. Katafila biyu na tsaye a ƙasa suna jiran ƙarfe goma.

Ta ƙirga daga ƙasa, a gefen da ya tsage ya bar cikin bangon a buɗe kamar yankakken burodi. Ɗaya, biyu, uku. A kowace shimfiɗa harshen yadi ya leƙo, jan zarensa ya shige cikin dutse. Huɗu, biyar, shida. Ta hau da gwiwa da farce. A ta bakwai ta tona, ta share laka da hannun riga.

Jan zaren na kwance a gicciye, yana bin hanya.

Ta daɗe durƙushe a wurin. Ta taɓa bin barewa kwana biyu tana addu'ar kada ta same ta, domin ta san abin da za ta yi idan ta same ta. Yau ma haka ne, sai dai wannan sawun a ƙofar gidanta ya ƙare. Ta tuna daren Asabar bai ci abinci ba, ya ce ciwon kai. Ta tuna yadda yake jera takalmansa a ƙofarta, dugadugi jikin bango, bayan ya karkaɗe su.

Tana iya mayar da lakar. Ƙarfe goma katafila ta kwashe komai ta zuba a rami. Arnfinn tsoho ne, ya ci zamaninsa. Tunanin ya zo mata, ba za mu ɓoye ba, har ya zauna na ɗan lokaci. Sai ta hango garkensa can saman tudu, tumaki sun taru a ƙofa suna kuka ba mai buɗe musu.

Ta ɗauki hoton zaren a inda yake, ta kira Halvard.

"Ka hana katafila motsi. Ka tara mutane a zaure ƙarfe tara. Ka zo da Arnfinn da takalmansa."

* * *

Zauren taro ya cika har taga. Mata sun dafa kofi, domin a Urdalen ko tashin duniya za a yi sai an dafa, amma ba wanda ya taɓa kofinsa. Arnfinn na gaba kusa da Halvard. Leszek da mutanensa na tsaye jikin bango, an bar musu fili kamar masu cuta. Vidar na zaune a layi na biyu, Rusk kwance a ƙafarsa.

Torunn ta ɗora takalman a tebur.

"Waɗannan ne suka je bakin gangare ranar Asabar. Takalman Arnfinn ne, amma ƙafar ba tasa ba ce. Mai su ba ya ɗingishi, kuma sun yi masa yawa."

"To baƙin nan ne!" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Leszek, ɗaga ƙafarka su gani."

Ya ɗaga. Wata tsohuwa ta ce, "Kai! Wannan ai sai dai a kai shi wurin masu ƙera jirgin ruwa." Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

"Mai fushi da hanya zai tsaya a ƙasa ya sari inda hannunsa ya kai," in ji Torunn. "Wannan ya ɗaura igiya ya sauko, ya wuce shimfiɗa bakwai bai taɓa su ba, ya yanka ɗaya tak. Leszek, ranar Juma'a me kuka yi wa faɗa? Yanzu ba ni ke tambaya ba, Oddny ce."

Leszek ya murza hularsa. "Na ga bango ya yi ciki a tsakiya. Na ce a rufe tsohuwar hanya, a kira injiniyoyi. Shugaba ya ce ƙasar fuska ce kawai ta sha ruwa."

Ta miƙa masa wayarta. "Shimfiɗa ta bakwai ce, yau da safe. Faɗa musu abin da ka gani."

Ya duba, ya ƙara dubawa. Ya faɗi wata kalma da harshensu, ya yi alamar gicciye. Sannan ya juya wajen Vidar. "A gicciye? Ka mirgina shi tare da hanya? Kai da ka kori yaro bara don ya bar ninki ɗaya? Muka ɗora shimfiɗa bakwai a kan wannan, muna tsaye ƙarƙashinsa kullum?"

Torunn ta yi wa jama'a bayanin jan zaren da 'yan kalmomi. Bangon zai faɗi ko da wuƙa ko babu. Idan ya faɗi da kansa, za a tona a nemi dalili. Idan aka ga yankan wuƙa da sawun tsohon da ya yi barazana, ba mai tonawa.

Sai ta dubi layi na biyu. Tun da ta shigo ba ta dube shi ba.

"Rusk bai taɓa yi mini ƙarya ba. Jiya na sa shi a sawun, ya kaɗa wutsiya. Na zage shi." Ta matsa kusa da shi. "Vidar, kar ka sa in ƙarasa. Ka faɗa da bakinka."



"Na duba komai," in ji Vidar, idonsa a ƙasa. "Na rantse na duba. Ranar Lahadi babu motar makaranta, babu ta wasiƙu, babu ma'aikaci ko ɗaya. Na ce in buɗe masa baki ya faɗi ranar da ba kowa a ƙasa. Da na bar shi, wataƙila ranar Litinin zai faɗo kan mutanena."

"Da ka rufe hanya," in ji Halvard.

"Da na rufe, da an tambaye ni dalili." Ya ɗago, hawaye na zuba. "Ban san tankar na zuwa ran Lahadi ba."

"Duk bayan kwana uku take zuwa," in ji Arnfinn. Bai ɗaga murya ba. "Ko ya faɗa ranar Kirsimeti. Saniya ba ta san Lahadi ba, ɗan birni. Da ka tambayi kowane yaro a kwarin nan, da ya gaya maka. Amma takalmina ka zo nema, ba shawarata ba."

Halvard ya miƙe. Vidar ya miƙe shi ma, ba gardama. Da ya zo daidai Torunn ya tsaya.

"Ranar nan, saboda ke na..."

"Na sani," ta ce. "Kar ka ɗora mini. Ranar tamu ce mu biyu, zan ɗauki rabona. Asabar kuwa taka ce kai kaɗai."

Rusk ya bi su har ƙofa yana kaɗa wutsiya. Sai da ta kira shi sau uku.

* * *

Motar da ta zo daga birni da tsakar rana ta koma da mutum, amma ba wanda aka aiko ta ɗauka ba. Da la'asar asibiti suka bugo: Oddny ta farka. Ƙafar hagu ba za ta dawo ba. Abin da ta fara tambaya shi ne wa ya kwashe madarar gonakin sama.

Arnfinn ya samu Torunn a bakin zaure, takalmansa a hammata. Ya yi kaki. Sai ya zaro wani busasshen nama daga aljihu ya jefa wa Rusk. Karen ya nuna masa haƙora, sannan ya cinye.

"Mara mutunci," in ji tsohon. Ya ɗora hannu a kafaɗarta, hannu mai nauyi da kaushi, ya bar shi nan ɗan lokaci. Ya tafi wajen tumakinsa yana ɗingishi.

Ta isa gida hadari ya haɗo daga wajen teku. Rigar ruwan Vidar na nan rataye. A cikin lakar ƙofa ga sawunsa na safiyar nan, lamba arba'in da biyu, ya fito, ya yi taku uku, ya tsaya. Ta karanta shi ba da sonta ba, domin ido ba ya daina abin da ya iya. A nan ya juyo ya fuskanci gidan. Dugadugan sun nutse sosai, ya daɗe a tsaye. Taku ɗaya ya yi zuwa ga ƙofa, kamar mai son komawa ya faɗi wani abu. Sannan ya juya ya tafi.

Ɗigon farko ya faɗa cikin wannan takun guda ɗaya. Torunn ta zauna a kan matakala, kare a gefenta, ba ta shiga ba sai da ruwa ya cike shi.